Bayan An Damfare Ka: Inda Ake Bincike Kyauta da Yadda Ake Kai Ƙara

Wanda aka damfara yakan ɓata ranar farko wajen zargin kansa. Zai zauna ya rafka tagumi yana juya maganar a zuci: yaya aka yi na karanta musu lambar nan, yaya aka yi na yarda da ribar da hankali ba zai ɗauka ba. Matar aure ta ɓoye wa mijinta, yaron shago ya ɓoye wa ubangidansa, ma'aikaci ya ɓoye wa kowa don kada a ce duk bokonsa an wanke shi. To a cikin waɗannan awannin ne kuɗin suke yin nisa. Kunyar nan ita ce abin da ɗan damfara ya fi dogara da shi, don ya san barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma ya san mutanenmu sun gwammace su bar shi.

Ba kai kaɗai ba ne. NIBSS, kamfanin da ke sada kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, ya ce a shekarar 2024 kaɗai an yi asarar sama da naira biliyan 52 ta hanyar zamba a harkar banki, kuma wannan abin da aka kai rahotonsa ne kawai. Doka ta ɗora wa bankuna da 'yan sanda da hukumar yaƙi da zamba ta EFCC da wasu hukumomi alhakin binciken irin wannan laifi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da doka ta ba damar karɓar ko sisi daga hannun wanda aka cuta. Abin da za a nema a wajenka hanzari ne, da hujja a rubuce, da naci.

Banki tukuna, kafin caji ofis

Yawancin mutane caji ofis suke fara nufa. Idan ta banki ko ta waya kuɗin suka fita, wannan jinkiri ne mai tsada. Ɗan sanda ba shi da maɓallin da zai danna ya tsayar da kuɗi, banki ne yake da shi.

Ga yadda kuɗin sata suke tafiya. Asusun da ka tura wa kuɗin da wuya ya zama na ɓarawon ne. Sau da yawa asusun wani ne aka ara, ko aka yi hayarsa a wajen matashin da ba shi da aikin yi, ko aka buɗe da bayanan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da kuɗin sun shiga sai a rarraba su zuwa asusu uku ko biyar, daga nan a cire wasu a wajen masu POS, a sayi kirifto da sauran. Duk zangon da suka ƙara, kamo su yana ƙara wuya. Saboda haka mintuna ake lissafawa a nan.

Idan ɓarawon yana da hanyar shiga asusunka, wato an sace wayarka ko katinka, ko ka ba da lambar sirri, fara da rufe asusun. Bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa ko a wayar maƙwabci: ta Zenith *966*911# ce, ta Access kuma *901*911#. Ka nemi ta bankinka tun yau ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, kada ka bar ta a cikin wayar da za a iya sacewa. Daga nan ka kira lambar da ke bayan katinka na ATM. Kada ka kira lambar da ka tsinta a Facebook ko wani ya turo maka a WhatsApp da sunan banki, don 'yan damfara suna buɗe shafukan bogi da tambarin bankuna suna dakon irinka.

Tun a shekarar 2015 Babban Bankin Najeriya ya umarci kowane banki ya kafa teburin yaƙi da zamba wanda ke aiki dare da rana, kuma ya ba waɗannan tebura ikon sanya wa asusu takunkumi idan ƙorafin zamba ya iso. Ma'aikatan banki PND suke ce wa wannan takunkumi: kuɗi na iya shiga asusun, amma ba sa fita. Shi za ka nema da bakinka. Ka ce a sanar da teburin zamba na bankin da kuɗin suka tafi domin a ƙulle asusun. Za su nemi lambar tiransifar, wadda a rasit ake rubuta ta Session ID, mai alƙaluma 30. Da ita ake bin sawun kuɗi daga banki zuwa banki. Idan babu ita a alat ɗinka, ka ce a ciro maka ita. Kafin ka ajiye waya ko ka bar gaban teburin, ka karɓi lambar ƙorafinka. Ƙorafin da ba shi da lamba tamkar ba a yi shi ba ne, don gobe wani ma'aikacin za ka tarar a kujerar.

Kada ka tsaya ga bankinka. Ka kai ƙorafi a rubuce ga bankin da ya karɓi kuɗin shi ma, ko da ba ka da asusu da su. OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda duk da lasisin Babban Banki suke aiki, kuma ƙa'idar sauraren ƙorafi ta hau kansu kamar yadda ta hau kan manyan bankuna.

Sai dai ƙulle asusu daban, dawo da kuɗi daban. Banki ba ya ɗebe kuɗi daga asusun abokin hulɗarsa ya miƙa wa wani sai da yardar mai asusun ko da umarnin kotu. Shi ya sa bayan an ƙulle za a ce ka kawo rahoton 'yan sanda da odar kotu. Hukumar da ke binciken za ta iya nemo odar, lauya ma zai iya. Ka guji 'yan kan-ta-waye da ke rakuɓewa a bakin kotu suna cewa za su kawo maka oda kafin azahar, domin bankuna suna tantance oda, kuma ta bogi kai za ta jefa cikin laifi.

Ka faɗi gaskiya kan yadda abin ya faru. Idan da hannunka ka tura kuɗin, ka ce da hannunka ka tura. Idan ka karanta musu lambar da aka turo maka a waya, ka faɗa. Na'urar banki tana ajiye bayanin wayar da aka yi amfani da ita da lokacin da aka yi, kuma ƙarya ɗaya a farkon zance tana iya rusa gaskiya goma da za su biyo baya. Wanda aka yaudara ya tura kuɗi da kansa an yi masa laifi a idon doka, daidai da wanda aka kwashe masa yana barci.

Akwai kuma wanda layinsa zai ɗauke haka kawai, ya zaci matsalar sabis ce, ashe wani ne ya je aka yi masa sabon sim da lambarsa. Wannan ya rufe asusunsa nan take, ya tafi ofishin kamfanin layin da lambarsa ta NIN. Idan kamfanin ya yi masa riƙon sakainar kashi, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da lambar ƙorafi ta kyauta, 622.

Idan banki ya yi shiru har mako biyu, ka rubuta wa Daraktan Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Ana iya kai takardar kowane reshen Babban Bankin, ko a tura ta adireshin cpd@cbn.gov.ng. Ka sa sunanka da lambar wayarka, sunan bankin, ranar da abin ya faru, yawan kuɗin, da lambar ƙorafin da bankin ya ba ka. Ba za su saurare ka ba sai ka nuna ka fara kai wa bankin. Kada ka rubuta lambar sirrinka a cikin takardar.

Fayil ɗinka shi ne rabin binciken

A shekarar 2024 EFCC ta ce ta karɓi ƙorafe-ƙorafe sama da 15,000, ta kuma samu hukunci a kan mutum 4,111. Jami'in da za a ba ƙararka yana da tarin wasu a kan teburinsa, kuma ɗan Adam ne: fayil ɗin da ya zo a tsare shi yake fara ɗauka. A nan talaka zai iya yi wa kansa abin da mai kuɗi yake biyan lauya ya yi masa.

Kada ka goge komai. Da yawa cikin fushi suke goge hirar, su toshe lambar, su fice daga zauren WhatsApp ko Telegram ɗin. Kafin ka yi ko ɗaya, ka ɗauki hoton kowace hira yadda lambar waya da kwanan wata za su fito, ba sunan da ka adana mutumin da shi kaɗai ba. Ka adana saƙonnin murya. Ka ɗauki hoton shafinsu da adireshinsa tun kafin su rufe shi. Ka karɓo bayanin shige da ficen kuɗin asusunka daga banki mai ɗauke da hatimi. Idan ta hannun mai POS ka tura, ka koma wajensa ya sake ciro maka rasit, ka rubuta sunan shagon da inda yake. Idan kirifto ne, ka kwafi adireshin lalitar da ka tura wa da lambar cinikin, harafi bayan harafi. Ita kanta wayar kada ka sayar da ita, kada ka bari a wanke ta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi hujjar da ta fito daga na'ura, kuma za a iya neman ganin wayar.

Sannan ka ɗauki takarda ɗaya ka jera abin da ya faru rana bayan rana: ranar da kuka fara magana, wanda ya haɗa ku, abin da ya faɗa maka, ranar da ka tura kuɗi da nawa da sunan asusun, ranar da ka gane ƙarya ce. Idan da sunan kamfani ya zo maka, ka duba shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, inda neman suna kyauta ne. Ka sani dai takardar CAC shaidar rajista ce kawai, ba lasisin karɓar kuɗin jama'a don juyawa ba ce. Ka yi kwafi uku na komai. Asalin takardu a hannunka suke zama, kwafi ake miƙawa.

Bashi ne ko damfara?

Kafin ka zaɓi ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ka amsa wannan tambayar tsakaninka da Allah, don ita ce ke kayar da ƙararraki da yawa daga kasuwanninmu. A kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau na Kano kaya na miliyoyi suna fita a kan amana da kalmar baki. Wani ya karɓi kaya, kasuwa ta juya masa baya, ya kasa biya. Wannan bashi ne, komai ciwonsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, EFCC kuma ta sha nanata cewa ita ba hukumar karɓo bashi ba ce. Wanda ya kai irin wannan caji ofis aka tsare masa mutum, kotu tana iya cin tararsa shi da 'yan sandan.

Damfara kuwa ita ce wadda ƙarya take a gindinta tun ranar farko. Ya sayar maka da filin da ba nasa ba. Ya nuna maka sito cike da shinkafar wani ya ce tasa ce. Ya ce akwai kwangila, babu ita. Ya ce shi ma'aikacin banki ne, ba shi ba ne. Akwai kuma cin amana, inda aka danƙa wa mutum kuɗi don wani aiki takamaimai, kamar sayo kaya ko biyan kujerar Makka, ya karkatar da su zuwa buƙatarsa. Kundin laifuka na jihohin Arewa ya san duka biyun a matsayin laifi. Dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba, kuma ta ce kotu ta umarci mai laifin ya mayar da abin da ya ci. Don haka a takardarka ka fito da ƙaryar fili: me ya faɗa, yaya ka gano ba haka ba ne, kuma me ya nuna ya san ƙarya yake yi tun lokacin.

Idan ka ga naka bashi ne, ba ka rasa hanya ba. Shugabannin kasuwa da Hisbah suna yin sulhu, kuma jihohi da dama, ciki har da Kano tun 2019, suna da kotun ƙananan basussuka inda mutum zai tsaya da kansa ba lauya, da kuɗin shigar da ƙara kaɗan.

Wace ƙofa?

Idan ɗan damfarar a garinku yake, ka san gidansu ko shagonsa, 'yan sanda sun fi kusa. Ka kai rahoto caji ofis, amma idan kuɗin da yawa ko akwai bin sawu zuwa wata jiha, ka rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sandan jiharku domin a ba sashen binciken manyan laifuka. Rundunar tana da Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet a Abuja, da Sashen Musamman na Zamba a Ikoyi ta Legas. Idan an ɗauki bayaninka da Hausa aka rubuta da Turanci, ka ce a karanta maka a fassara kafin ka sa hannu. Ka rubuta sunan jami'in da aka ba ƙarar da lambar wayarsa. Idan caji ofis ya ƙi motsi, doka ta ba ka damar kai ƙara kai tsaye gaban majistare, shi kuma ya umarci 'yan sanda su bincika.

Idan ba ka san shi ba, ko kuɗin sun ratsa bankuna da jihohi, ko mutane da yawa aka cuta, EFCC ce ta fi dacewa. Tun 2003 take wannan aiki, hedikwatarta tana Jabi a Abuja, kuma tana da ofisoshi a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe da Maiduguri. Ba sai da lauya ba. Takarda za ka rubuta zuwa ga Shugaban Hukumar ta hannun ofishin shiyya mafi kusa da kai, da Turanci mai sauƙi, shafi ɗaya ko biyu. Idan ba ka iya ba, ɗanka ko malamin makarantar unguwa zai rubuta, kai ka sa hannu. Sakin layi na farko ya faɗi ko kai wane ne, da adireshinka da lambar wayarka. Na biyu ya faɗi wanda kake ƙara da duk abin da ka sani game da shi. Sai jerin ranakun nan da ka riga ka tsara, sai jimillar kuɗin, sai abin da kake roƙo: a bincika, a ƙulle asusun, a gurfanar da shi, a ƙwato maka haƙƙinka. Ka bar zagi da Allah-ya-isa a gida. Kada ka ƙara ko naira ɗaya a kan abin da aka ci maka, domin ƙarar ƙarya ita ma laifi ce. Ka je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo maka da shi. Idan sun karɓi ƙarar za su gayyace ka ka tabbatar da ita da bakinka a ofishinsu. Hukumar tana da manhajar kai rahoto mai suna Eagle Eye tun 2021, amma a ganina ga wanda yake neman kuɗinsa, takarda mai hatimi ta fi, don ita ce za ka riƙa nunawa duk zuwan da za ka yi.

Sauran ƙofofin gajeru ne. Idan ma'aikacin gwamnati ne ya karɓi kuɗinka da sunan zai sayar maka da gurbin aiki, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce. Mutumin Kano yana da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha. Kamfanin zuba jari na bogi, a sanar da hukumar kula da harkar zuba jari, SEC, tare da EFCC. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10 ga masu shirya irin wannan adashen ƙarya. Ejan ɗin Hajji ko Umara, a haɗa da hukumar alhazai, NAHCON, don ita ke ba su lasisi kuma ita ke iya ƙwacewa. Manhajojin bashi masu cirar kuɗi ba izini da tozarta mutane, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ce. Idan ku da yawa ne aka cuta, ku haɗa takarda ɗaya, kowa da sunansa da rasit ɗinsa. Ƙarar mutum 40 ba ta kwana a ƙasan tebur kamar ta mutum ɗaya.

Akwai maganar da ba a so a faɗa amma kowa ya san ta: kuɗin mai, kuɗin fayil, kuɗin tirakin. Babu ɗayansu a doka. Gaskiya ne ofisoshin bincike da yawa suna fama da rashin kayan aiki, amma gyaran wannan ba a wuyan wanda aka riga aka talauta yake ba. Idan an nema, ka tambaya cikin ladabi ko akwai rasit. Idan an ce ƙararka ba za ta motsa ba sai ka bayar, ka ga DPO mai kula da caji ofis ɗin, ko ka rubuta wa Kwamishina, ko ka kai wa Sashen Karɓar Ƙorafi na rundunar, CRU, wanda aka kafa a 2015 saboda irin haka. Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda take aiki tun 1975 kuma take da ofishi a kowace jiha, ita ma tana bin kadin wanda wata hukuma ta yi wa shakulatin ɓangaro, kyauta.

Wanda yake buƙatar lauya kuma ba shi da hali, ya nemi ofishin Legal Aid Council na jiharsu. An kafa ta a 1976 domin masu ƙaramin ƙarfi, musamman waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Mata suna da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Tsangayoyin shari'a na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ta Maiduguri suna da ɗakunan ba da shawara kyauta.

'Yan jarida ma ƙofa ce, kuma wani lokacin ita ke tayar da fayil ɗin da ya yi barci. Shirin Inda Ranka na Freedom Radio a Kano, da Brekete Family a Abuja, da jaridar bincike ta FIJ duk sun saba ɗaukar koken waɗanda aka cuta. Amma ka je musu bayan ka kai ƙara a hukumance, da takardunka a hannu. Kada ka ɗora hoton mai asusun a Facebook kana kiransa ɓarawo. Wataƙila shi ma bayanansa aka sata, kuma ko da shi ne, ka ba shi damar guduwa, ka ba lauyansa damar maka ka a kotu kan ɓata suna.

Ɓarawo na biyu

A watan Afrilun 2025 dandalin zuba jari na CBEX ya rufe da kuɗin dubban 'yan Najeriya. Mutane suna cikin wannan jimami sai ga sanarwa cewa duk mai son cire kuɗinsa ya biya dala 100, ko dala 200 idan abin da ke asusunsa ya wuce dala 1,000, da sunan tantancewa. SEC ta fito ta gargaɗi jama'a. Wannan ita ce damfarar da ta fi ba ni takaici, domin a kan mai rauni take sauka, kuma sau da yawa kuɗin da ake biya na rance ne ko na sarƙar uwargida.

Tana zuwa da fuskoki iri-iri. Wani zai shigo maka ta saƙo bayan ka yi kuka a intanet, ya ce shi gwanin kutse ne, zai dawo da kuɗinka cikin awa 24. Wani ya kira ya ce daga EFCC yake, an kama mutumin, ka turo kuɗin buɗe fayil. Wani ya ce lauya ne daga Ingila ko jami'in FBI, an ga sunanka a jerin waɗanda za a biya diyya, saura kuɗin haraji. Wani kuma ɗan tsibbu ne da zai ce a kawo kuɗin turare da na rago, aljanu za su dawo da kuɗin ƙarƙashin matashi. Za ka yi mamakin yadda suka san sunanka da adadin da ka rasa. Ba abin mamaki ba ne: waɗanda suka cuce ka da farko su ne suka dawo da sabuwar murya, ko kuma sun sayar da sunanka ga abokan sana'arsu.

Alamarsu ɗaya ce duk inda suka ɓullo, wato kuɗi kafin aiki. Babu hukumar gwamnati da ke karɓar kuɗi ta asusun mutum. Babu jami'in gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka a waya, ko kalmomin sirrin lalitarka ta kirifto. Babu mai kutsen da zai iya juyo da tiransifar da ta riga ta tafi. Idan an kira ka da sunan wata hukuma, ka ce za ka zo ofis, ka kashe wayar, ka tafi ofishin da ƙafarka.

Idan damfarar ta ƙetare iyaka, hanyar tana nan, sai dai ta fi tsawo. Interpol ba ta karɓar ƙara daga hannun mutum, ta hannun 'yan sandan ƙasarku ake isa gare ta. Idan akwai asusu ko kamfani na Amurka a cikin lamarin, FBI tana da shafin ic3.gov inda ake cike fom kyauta. Manyan kasuwannin kirifto irin su Binance suna iya ƙulle lalita su ba da bayanan mai ita, amma ga jami'an tsaro suke bayarwa, don haka ka sanar da su da kanka sannan ka matsa wa mai bincikenka ya rubuta musu. Mazauna Ghana suna da hukumar yaƙi da zamba ta EOCO, da lambar 292 ta hukumar tsaron intanet ta ƙasar.

Idan an kama shi

Ka riƙa leƙa mai bincike duk mako biyu, kana rubuta ranar da abin da aka ce maka a littafi ɗaya. Idan an kai kotu, gwamnati ce mai ƙara, kai shaida ne, ba za ka biya lauyan gwamnati ba. Amma rashin zuwanka ranar ba da shaida yana iya sa a kori ƙarar. Ka tuna wa mai gabatar da ƙara ya roƙi kotu ta ba da umarnin mayar maka da kuɗinka, domin ɗauri kaɗai ba ya dawo da jari.

Tun kafin a kai nan, akasari za ka ga baƙi a ƙofar gidanka: mahaifinsa, limamin unguwarsu, wani dattijon da kake jin nauyinsa. Za a ce a rufa asiri, za a biya a hankali. Sulhu alheri ne, kuma sau da yawa shi ne hanya mafi kusa da kuɗinka, don shari'a tana iya cin shekaru. Amma a yi shi da sanin mai bincike ko a gaban alƙali. A rubuta jimillar kuɗin, da abin da za a bayar a ranar, da ranakun biyan sauran. A samu mai tsaya masa wanda yake da gida ko shago sananne, ya sa hannu tare da shaidu biyu. Kowane biya ya shigo ta asusunka na banki domin ya bar shaida. Takardar janye ƙara kuwa, kada ka sa mata hannu sai alat ɗin kaso na ƙarshe ya shigo kuma ka duba asusunka ka ga kuɗin a ciki.